Jan Zinaren Rafin Ngazi

Litinin, 4 ga Fabrairu, ƙarfe tara na safe

Jeremi ya koma Yawunde. Kwana biyu ya yi mana, kamar wanda ya zo duba gona. Kafin ya shiga mota ya ja ni bayan ɗakin girki ya ce, "Mama, magana ɗaya ce. In Baba ya sake fita shi kaɗai, zan zo in kwashe ku. Ba shawara na kawo ba." Na ce to. Ɗan da na goya a bayana, yau shi ke gindaya mini sharaɗi.

Bai san rantsuwar da ubansa ya sa na yi ba, shekara uku da suka wuce, lokacin da mantuwar ta fara, shi da kansa kuma ya gane ta fara. Ya kama hannuna ya ɗora a kan Littafi Mai Tsarki ya ce, "Salome, ko me na zama, kada ki bari a kai ni birni a kulle a bene. A nan zan ƙare." Na rantse. Har da tsaki na yi masa, don ina ganin ranar ba za ta zo ba.

Wannan littafin cikin ragowar na makarantarsa na ɗauko. Ba ni da wanda zan faɗa wa, sai takarda.

Litinin, da yamma

Baban Jeremi ya tambaye ni ko yau Asabar ce. Na ce a'a. Ya sake tambaya. Na ce a'a.

Laraba, 6 ga Fabrairu, bayan abincin rana

Shekara talatin da takwas mijina Filimon Ndinga bai taɓa fashin Asabar ba. Ko yana hedimasta, ko bayan ya yi ritaya, da gari ya waye zai saɓa shebur, ya kifa akushi a ka, ya gangara rafin Ngazi. Kowa a garin nan don ciki yake wanke ƙasa, ya samu zinare ya sayar ya ci. Shi kaɗai ne don marmari. Ɗan abin da ya samu sai ya zuba a kwalbar allura da nake kawo masa daga asibiti, ya toshe, ya ajiye. Ko ƙwaya ɗaya bai taɓa sayarwa ba. Mutane suna ce masa Hedimasta mai wanke wa kifi yashi. Ni ce kan gaba wajen dariya, kuma ko sau ɗaya ban taɓa bin sa ba. Ni ungozoma ce, ina da aikin yi.

Yanzu babu Ngazi. Kamfani ya zo da katafila ya juye shi ciki waje, ya zagaye da waya mai ƙaya. Inda rafi yake sai ramuka, kowanne zai haɗiye coci har da ƙararrawa, cike da jan ruwa. A bakin ɗaya daga cikinsu aka same shi watan jiya, takalmansa a hannu. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Alhamis, 7 ga Fabrairu, da hantsi

Maƙwabciyata Ma Odil ta shigo da ganyen rogo. Tun muna 'yan mata take wanke ƙasa, yatsunta duk sun karkace. Ta tarar da shi zaune a ƙofa da akushinsa a cinya, yana juya shi babu komai a ciki.

Ta ce, "Hedimasta, yau nawa aka samu? A ba mu na goro mana."

Ya ce, "Ruwa bai janye ba tukuna, baiwar Allah."

Ta biyo ni ciki ta ce, "Ke Salome, ilimin naki na banza ne? Ƙishirwa ce ke fitar da mutumin nan. Kai shi ruwa ya jiƙa hannu, ya ga ƙyalli a gindin akushi, ransa ya kwanta. Kowace Asabar ki kai shi da kanki, ki ga in zai ƙara sulalewa."

Na ce, "Wane ruwan? Akwai wanda ya rage?"

Ta ce, "Sai ki nema. Ƙafa ce ba ki da ita ko baki?"

Abin da nake nema ba shi da yawa. Wurin da kowa ke da ikon sauka ba mai kora, gangarar ba tsayi, ruwan bai wuce gwiwa ba.

Asabar, 9 ga Fabrairu, da safe

Ya tambaya. Na ce yau Juma'a ce.

Litinin, 11 ga Fabrairu, da la'asar

Na bar shi da Ma Odil na je ƙofar kamfani, ko akwai wani ɗan lungu na Ngazi da suka bari. Mai gadin Mbele ne, ƙato yanzu, da kulki da takalmin soja. Ni na yanke masa cibiya.

Ya ce, "Mama, ina zuwa da ranar nan?"

Na ce, "Wajen rafin da uwarka ta wanke tsummokaranka. Buɗe."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya sunkuyar da kai. "Mama, ko uwar tawa ce ta taso daga kabari ba ni da ikon buɗe mata. Kuma me za ki gani? Daga nan har gindin dutse rami ne. Don Allah ku riƙe Hedimasta da kyau. Gawa uku muka tsamo bana."

Ban tambaye shi su wane ne ba. Na san biyu.

Talata, 12 ga Fabrairu, da rana

Gwiwata ta kumbura. Ya ci tuwo sosai. Ya ce in gode wa matar gidan.

Alhamis, 14 ga Fabrairu, da yamma

Rafin Bonde. Hanyar da mata ke bi da can an tare ta da igiya, wasu maza uku zaune a inuwa suna cewa wurin na danginsu ne tun kakanni. Na san kakannin nasu, ko akuya ba su bari ba. Na ce musu tsoho ɗaya ne zai wanke akushi biyar ya tafi, ba abin da zai rage musu. Ɗayansu ya ce, "Mama, haka kowa ke cewa. Akushi biyar yau, gobe inji." Na zagaya ta ƙasa, ta gonar ayaba, mai gonar ya sako mini kare.

Juma'a, 15 ga Fabrairu, da safe

Jeremi ya bugo wa Fasto waya, ya ce a tambaye ni lafiyar Baba. Na ce a ce masa lafiya lau.

Asabar, 16 ga Fabrairu, da hantsi

Na ce masa Juma'a ce. Ya dube ni ya ce, "Juma'ar garin nan ba ta ƙarewa." Sai ya koma juya akushinsa. Na shiga ɗakin girki na daɗe ban fito ba.

Litinin, 18 ga Fabrairu, da la'asar

Rafin Sarambi a buɗe yake, ba mai hana kowa. Amma gangarar tsaye take kamar bango, ni kaina da gindi na sauka, ina kama saiwoyi. Ruwan kuma ya zama kunu saboda injinan da ke sama. Wata mata da na tarar a can ta nuna mini ƙafafunta, duk sun sale. Ba zan sa shi cikin wannan ba.

Da na dawo na tarar ya ɓoye takalmansa a ƙarƙashin riga. Ma Odil ta ce sau biyu ta juyo da shi daga bakin hanya. Ta ce, "Ni fa ba yarinya ba ce, Salome. In ya sa gudu ba zan kama shi ba."

Na yi masa tsawa. Na kira shi da sunan da bai kamata ba. Ya ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah, ban san gidanki ba ne." Wata biyar kenan rabon da ya kira sunana. Ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina da nake jin haushinsa.

Laraba, 20 ga Fabrairu, da yamma

Na samu.

Ƙarƙashin gadar rafin Fiyo, a hanyar kasuwa. Fasto ne ya tuna, ya ce tun da can gindin gada na kowa ne, nan ake wanki, nan shanu ke shan ruwa, ba a kafa igiya a wurin. Ya kai mu da motarsa, ni da Ma Odil, matarsa ta zauna da Filimon. Na je wurin dagacin ƙauyen na tambaya da bakina, ya ce, "Hedimasta? Shi ya koya mini rubuta sunana. Ya zo ya wanke har ya gaji." Gangarar shimfiɗe take, ruwan garau, iyakarsa ƙauri. Akwai ma wani faffaɗan dutse da mutum zai zauna.

Ma Odil ta ɗaure zane ta shiga gwaji. Ta haƙa a bayan dutse, ta haƙa a kwanar ruwa, ta haƙa a gindin saiwa. Akushi goma sha biyu ta wanke. Baƙin yashi kawai.

Ta miƙe tana riƙe da ƙugu ta ce, "Ko na ƙyasta ido babu. An tatse shi tun zamanin iyayenmu. Kin ga dalilin da ya sa aka bar wa talaka."

Na ce, "To ya zo ya wanke baƙin yashin."

Ta ce, "Hedimasta? In bai ga komai ba cewa zai yi kin kawo shi wurin banza, gobe ya nufi nasa."

Alhamis, 21 ga Fabrairu, da rana

Kwalabensa huɗu ne, a cikin safa, a akwatin takardunsa. Na buɗe ɗaya. Nauyinta ya ba ni mamaki.

Ban gaya wa Ma Odil ba. Na san abin da za ta ce. Barbaɗe aikin 'yan damfara ne, masu zuba gari a mataccen rami don su sayar wa baƙo. Filimon da kansa ya taɓa tsayawa gaban dagaci ya tona asirin wani da ya yi haka, har mutumin ya bar gari. Amma ni ba sayarwa zan yi ba. Kayansa ne, shi zan mayar wa.

Asabar, 23 ga Fabrairu, ƙarfe shida na safe

Ya tambaya. Na ce e, Baban Jeremi, yau Asabar ce. Ɗauko akushinka.

Asabar, da yamma

Zan rubuta yadda ya faru, sau ɗaya.

Fasto ya kai mu da motarsa, har da Ma Odil. Da muka sauka ya ga ruwa, sai ya cire takalmi ya jera su a kan dutse, ya naɗe wando, ya shiga ba tare da ya kama hannun kowa ba. Mutumin da ba ya iya saka maɓallin riga. Na tsaya ina kallon hannuwansa. Ya nutsa akushin, ya girgiza, ya kwashe tsakuwa da yatsu, ya karkata shi yana juyawa a hankali, ruwa na ɗauke yashi kaɗan-kaɗan ta baki. Yana wata 'yar waƙa a maƙogwaro. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ban taɓa ganin wannan ba sai yau, kuma na ji kunya.

Akushi uku, ba komai. Fuskarsa ta fara canzawa. Sai na ce bari ni in ɗebo masa ƙasa. Na juya baya, na kwance bakin zanena, na zuba garin kwalbar a shebur, na rufe da yashi.

Ya wanke. Da yashin ya ƙare sai ga shi nan kwance a gindin baƙin akushi, yana ƙyalli. Ma Odil ta rangaɗa guɗa. "Kai, Hedimasta! Ni goma sha biyu na wanke ban ga komai ba, ashe kai rafin ke jira!" Fasto yana tafi daga kan gada.

Shi bai yi dariya ba. Ya kai akushin kusa da ido. Ya dangwala da yatsa ya ɗaga wa rana.

Ya ce, "Wa ya taɓa mini ƙasa?"

Na ce, "Ba wanda ya taɓa. Sa'arka ce."

Ya ce, "Zinaren Fiyo fari-fari ne, dunƙule, kamar riɗi. Wannan ja ne, falle-falle. Na Ngazi ne, daga ƙasan dutse. Tudu biyu ke tsakanin Ngazi da Fiyo. Da ƙafa ya tako?"

Ma Odil ta leƙa akushin. Ta ɗago ta dube ni, ta sa hannu a baki. Kowane yaro da ya taɓa riƙe akushi a garin nan ya san kowane rafi da irin nasa. Ni kaɗai ce ban sani ba, don ban taɓa leƙawa ba.

Ya juyo gare ni da muryar da yake yi wa ɗalibai. Ya ce, "Barbaɗe aka yi. Baiwar Allah, wa ya aiko ki? A ina kika samo wannan?" Ya tsinko ganye ya kwashe garin tsaf ya ƙulle, ya sa a aljihu. Ya ce wa Fasto, "Direba, mai da ni gida. Akwai ɓarawo a gidana."

Lahadi, 24 ga Fabrairu, bayan coci

Ban je ba. Ya ƙi cin abin da na dafa, sai da Ma Odil ta kawo nata. Kwalaben huɗu suna cikin rigarsa, hannunsa a kai.

Ma Odil ta ce, "Da kin tambaye ni, shashasha. Ina da ragowar na Fiyo a ƙullin tsumma tun na uwata. Da shi za mu zuba, ko shi ba zai gane ba." Sai ta fashe da kuka, ita da ta zo zagina.

Litinin, 25 ga Fabrairu, ƙarfe takwas na safe

Na je rijiya. Guga biyu kawai. Na dawo, ba ya nan.

Litinin, da la'asar

Mbele ne ya kawo shi a goye, wajen azahar. Ta ƙarƙashin waya ya bi, bayansa duk ya tsage. Mbele ya ce a cikin laka ya same shi har ƙirji, a gefen babban ramin, taku ɗaya ya rage inda ƙasa ke zaftarewa. Kwalaben duk a buɗe, ya juye su cikin ruwan. Wai ya ce wa Mbele ɓarayi sun gano wurin ajiya, gara ya mayar wa Ngazi kayansa ya riƙe masa.

Na wanke shi. Na ɗinke wuri biyu da hannuna. Bai yi ko uhum ba.

Mbele ya ce, "Mama, ban ga komai ba yau. Ko a wurin aiki ba zan faɗa ba." Ma Odil ta ce duk wanda ya kai wa Jeremi labari a unguwar nan, ita da shi ne. Fasto ya ce shi ba zai yi ƙarya ba, amma ba zai buga waya ba.

Kowa ya rufa mini asiri. Na gode musu.

Talata, 26 ga Fabrairu, da rana

Na sa kwaɗo a ƙofar ɗakinsa. Tun safe yake bugawa. Yana cewa, "Jama'a, akwai mutum a ciki." Da ladabi yake faɗa.

Laraba, 27 ga Fabrairu, da hantsi

Na buɗe don in ba shi koko, ya ture ni. Na faɗi a kan gwiwar. Kafin in tashi ya kai bakin mangwaro, ba takalmi, ɗinkin ya ɓalle. Mata biyu masu zuwa gona suka taya ni.

Zai je ya duba ajiyarsa ne, in ji shi. Da can Asabar kawai yake nema. Yanzu kullum ne, kuma ni na jawo.

Na zauna a ƙofar ɗakin ina jin bugun. Na rantse ba za a kulle shi a bene ba, ga shi na kulle shi a ƙasa. In na buɗe, ramin nan ne. Wannan ma "a nan zan ƙare" ne, kuma na daɗe ina tunanin ko abin da yake nufi kenan. Wataƙila shi ne. Amma ni ba zan iya tsayawa a bakin waya ana tsamo shi da ƙugiya ba. Tsoro nake ji, ba wani abu ba.

Alhamis, 28 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Na hau tudun coci inda waya ke kamawa. Ba wanda ya gaya wa Jeremi. Ni na gaya masa.

Juma'a, 1 ga Maris, da yamma

Ma Odil ba ta zage ni ba. Ta taya ni ɗaure kaya, za ta riƙe kajin. Jeremi ya iso da la'asar. Ya ga ciwon da ke bayan ubansa, ya fita waje ya tsaya. Ya ce ɗakin da suka gyara a hawa na uku yake, tagar da ƙarfe, ba abin da zai same shi. Yaron kirki ne. Ya ce, "Mama, kin yi daidai." Na ce ya rufe mini baki.

Asabar, 2 ga Maris, a hanya, da rana

Mun tsaya cin abinci, ina rubutu a cinya.

Da safe bai yi gardama ba. Na sa masa farar rigarsa, Jeremi ya zaunar da shi a baya, na zauna kusa da shi. Unguwa duk ta fito. Mbele ya cire hula. Filimon ya ɗaga musu hannu kamar mai zuwa taron malamai.

Mun wuce kasuwa, mun wuce makarantarsa. Sai da muka hau kwalta, gari ya ɓace a baya, na ji hannunsa a kan nawa. Na juya. Idonsa tar a kaina, irin kallon da na yi wata biyar ina roƙon Ubangiji ya dawo mini da shi ko na minti ɗaya.

Ya ce, "Salome."

Na ce, "Na'am, Baban Jeremi."

Ya ce, "Wannan hanyar Yawunde ce."

Na ce, "E."

Ya ce, "Kin rantse mini fa."

Jeremi ya dubo ta madubi ya ce, "Me Baba ke cewa?"

Na ce, "Ba komai. Ja mu je."

Bai janye hannunsa ba.